Masu Binciken Gigin Tsufa da Ma'aunin da Muke Gwada Su da Shi

Duk shekarar da aka fitar da jerin sunayen masana kimiyyar da aka fi kafa hujja da ayyukansu a duniya, wanda wasu masu bincike na Jami'ar Stanford ta Amurka ke tsarawa da bayanan kamfanin ɗab'i na Elsevier, jami'o'in ƙasar nan kan shiga rige-rigen sanar da cewa malamansu kaza sun faɗa cikin kashi 2 cikin 100 na sahun gaba. Hotuna su cika WhatsApp, a yi ta sam barka. Ba na ƙyashin kowa a kan wannan, domin duk wanda ya iya yin binciken da duniya ta saurara alhali yana fama da ɗaukewar wuta da ƙarancin kayan aiki da albashin da bai taka kara ya karya ba, ya cancanci a jinjina masa. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muka mayar da wannan ƙididdiga ita ce kaɗai shaidar cewa mai bincike ya yi tasiri, musamman a fagen tsufa da cutar mantuwa da cututtukan jijiya masu cin mutum sannu a hankali irin cutar MS (multiple sclerosis), mai cin rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. A wannan fage, lissafin yana iya hawa sama har ya ƙure, ba tare da aikin ya taɓa rayuwar tsoho ko ɗaya a Agege ko Idi-Araba da ke Legas ba.

Ya kamata a fahimci abin da ake ƙirgawa tukuna. Idan masani ya wallafa maƙala a mujallar ilimi, wasu masanan suka zo daga baya suka ambace ta a nasu rubutun, kowane ambato ana rubuta masa shi. A shekarar 2005 wani masanin kimiyyar fiziks a Amurka mai suna Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da yanzu ya mamaye ko'ina: idan aka ce lambar mutum 30 ce, ana nufin yana da maƙaloli 30 waɗanda kowace ɗaya an ambace ta aƙalla sau 30. Dabarar tana da kyau ta wata fuska, tunda ta hana mai tara tarkacen rubuce-rubucen da ba wanda ya karanta ya yi tutiya da yawansu. Amma abin da take aunawa shi ne yawan malaman da suka yi magana a kan aikinka. Ba ta tambayar ko aikin gaskiya ne, ba ta kuma tambayar su wa aka yi binciken a kansu.

Fagen binciken cutar Alzheimer, wato nau'in cutar mantuwa da ya fi yawa, shi kansa ya ba da misali mai ɗaci a kan tambaya ta farko. A 2006 mujallar Nature ta buga wata maƙala da ta ce an gano wani nau'in furotin da ke haddasa mantuwa a ɓerayen gwaji. An ambaci maƙalar fiye da sau 2,000, an ɗora wasu binciken a kanta, sai a 2022 aka fara bankaɗo cewa an yi wa wasu hotunan cikinta kwaskwarima, a 2024 kuma aka janye ta. Tsawon shekarun nan duka, ma'aunin ambato yana shaida cewa wannan aiki ne na ƙwarai.

Tambaya ta biyu ce ta fi shafar mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutanen da ke fama da cutar mantuwa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma kusan mutum miliyan 10 ne ke kamuwa duk shekara. Tun 1998 wasu masu bincike suka kafa ƙungiya suka sa mata suna 10/66, don su riƙa tuna wa duniya cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na binciken da ake yi cikin al'umma a kan wannan cuta ne ya shafi ƙasashen da kashi 66 cikin 100 na masu ita ke zaune. Inda masu bincike suka fi yawa, nan ambato ya fi yawa, saboda haka wanda ya ƙara ɗan bayani a kan tsofaffin Boston ko Landan yana da dubban abokan aiki da ke jiran su ambace shi, wanda kuwa ya shafe shekaru yana bin tsofaffin Zariya gida gida, masu karanta shi ba su fi a ƙirga ba. An yi irin wannan binciken a Zariya, an buga shi a 2011, ya sami cutar a kusan kashi 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. A wurina darajar wannan aiki ta fi ta maƙaloli da yawa da suka ninka shi ambato, saboda yana cikin 'yan ƙalilan da suka leƙa gidajenmu suka gaya mana halin da iyayenmu ke ciki.

Najeriya tana da abin alfahari a wannan fage, kuma daga shi ne nake ɗaukar ma'aunin da nake ganin ya fi. A 1992 aka fara wani dogon bincike tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiana ta Amurka, wanda marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka assasa, Farfesa Adesola Ogunniyi da abokansa kuma suka ci gaba da riƙe ɓangaren Najeriya. Sun kwatanta tsofaffin Yarabawa 'yan shekara 65 zuwa sama a unguwar Idikan ta Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indiyanapolis, da hanyar gwaji iri ɗaya. Sakamakon 1995 ya nuna cutar mantuwa a kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, a Indiyanapolis kuwa kashi 8.24. Sun kuma gano cewa wani nau'in ƙwayar gado da ake kira APOE4, wanda ke da alaƙa mai ƙarfi da cutar Alzheimer a Turawa, alaƙarsa da ita ta yi rauni a Yarabawa. Wannan ya tilasta wa masana sake tunani a kan rawar da abinci da muhalli da lafiyar jijiyoyin jini ke takawa, ban da gado. An ambaci aikin sosai, ya kuma cancanta. Sai dai abin da ya fi burge ni a ciki shi ne kayan aikin da suka yi amfani da shi: gwajin da aka tsara don mutanen da ba su yi karatun boko ba, wanda ya haɗa yi wa tsoho tambayoyi da kuma zama da wani ɗan uwansa na kusa a ji abin da ya canza a halinsa na yau da kullum. Daga baya an ɗauki wannan gwaji an yi aiki da shi a ƙasashe da dama. Mai binciken da ya bar wa likitocin ƙasarsa hanyar gane cuta a cikin mutanensu ya yi tasirin da za a iya nunawa da yatsa.

Don a ga muhimmancin wannan, a duba gwajin da ya fi yaɗuwa a asibitoci, wanda Marshal Folstein da abokansa suka wallafa a 1975, mai maki 30, kuma yana cikin maƙalolin likitanci da aka fi ambata a tarihi. Ana tambayar mutum kwanan wata da shekara, a ce ya riƙa cire bakwai bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla guda, ya kwaikwayi zanen wasu siffofi biyu masu kusurwa biyar da suka shiga juna. A kawo dattijon da ya yi shekara arba'in yana fataucin goro a Agege, a zaunar da shi gaban matashiyar likitar da ba ta jin Hausa, jikansa na tsaye yana tafinta. Lissafin bakwai bakwai ba zai ba shi wahala ba, wataƙila ma ya riga likitar. Da aka tambaye shi wata, sai ya ce Rajab, yau goma sha biyu, ya kuma faɗi daidai, amma takardar watan Bature take nema. Aka miƙa masa biro ya rubuta jimla, ya rubuta da ajami daga dama zuwa hagu, babu mai karantawa a ɗakin. A gurbin shekarun makaranta aka sa masa sifili, alhali ya yi shekaru a makarantar allo har ya sauke, ya kuma yi karatun littattafai a zaure. Jikan ma, saboda kunya da ladabi, yana gyara amsar kakansa kafin ya juya ta. Mutum mai cikakken hankali na iya faɗuwa wannan gwaji, wanda cutar ta fara ci kuma ya tsallake. Masana sun yarda cewa ƙarancin ilimi tun ƙuruciya na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar, to a wane gurbi za a sa haddar Alƙur'ani da tilawar kowace asuba? Wannan tambaya ce ta kimiyya mai nauyi, kuma wanda ya amsa ta zai amfani miliyoyin mutane daga Senegal zuwa Sudan, ko da kuwa mujallun da suka fi suna ba su yi rububinta ba.

Akwai wani abu da ya keɓanta da mu mazauna Legas. Hausawa sun daɗe a garin nan, a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago, har akwai waɗanda kakanninsu ma nan aka haife su. Amma har yanzu, da zarar tsoho ya fara ruɗewa, ya fita sallar asuba ya kasa gane hanyar gida, ko ya fara zargin 'ya'yansa da satar kuɗin da shi ya ɓoye ya manta, maganar da ake yi ita ce a mayar da shi gida ya huta. Ana da dalili, domin ɗaki ɗaya ko biyu a gidan haya ba wurin jinyar mai yawon dare ba ne, titunan Legas kuma ba sa yi wa mai gigi uzuri, balle tsohuwar da aka tsinta tana surutai a unguwar da ba a san ta ba, wadda abin da ya fi saurin zuwa bakin mutane a kanta shi ne maita. Ga shi kuma cutar kan fara kwashe harsunan da mutum ya koya da girma, sai ka ga wanda ya yi rabin rayuwarsa yana ciniki da Yarabanci ya koma ba ya jin komai sai Hausa. To sai a sa shi a mota zuwa Kano ko Katsina ko Sakkwato. Bai shiga lissafin asibitocin Legas ba, can ma ba lallai ne a kai shi asibiti ba, tunda an riga an yanke cewa gigin tsufa ne, ba cuta ba. Nauyin jinyarsa ya faɗa kan wata 'ya ko suruka da ba wanda ya koya mata komai. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana Idi-Araba, katanga ɗaya kusan ta raba shi da ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa, Cibiyar Binciken Likitanci ta Najeriya da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya kuma suna Yaba. Masana da mutanen da ya kamata a bincika suna maƙwabtaka da juna, amma tsarin ƙarin girma bai ba malami wani dalili na tsallaka titi ba.

Cutar MS ta nuna matsalar ta wata fuskar. Cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta ci rufin da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya daina wucewa yadda ya kamata. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a 1868. Ba cutar tsofaffi ba ce a farkonta, ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata sun ninka maza, amma mai ita yana tsufa da ita. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita. An daɗe ana cewa ba kasafai ake samun ta a baƙar fatar Afirka ba, kuma akwai gaskiya a cewa ta fi yawa a ƙasashe masu nisa da tsakiyar duniya. Sai dai gano ta yana bukatar likitan jijiya da hoton na'urar MRI, waɗanda duka biyun sun yi ƙaranci a nan, kuɗin hoton kuma daga aljihun majiyyaci yake fita. Ga wata cutar mai kama da ita da ke kama jijiyar ido da laka, wadda ta fi yawa a baƙar fata, sai a 2004 aka gano gwajin jinin da ke bambanta su, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Wani halin MS da ke ruɗa iyali shi ne tana zuwa ta lafa: budurwa ta wayi gari ido ɗaya ya dushe ko ƙafa ta mutu, bayan 'yan makonni abin ya sake ta da kansa. Duk abin da aka yi mata na ƙarshe, hayaƙi ne ko rubutu, shi ake ba wa nasarar, a tabbatar da cewa iska ce, har sai ta dawo da ƙarfi bayan shekara ɗaya ko biyu. Ban ce a bar addu'a ba, addu'a da zuwa asibiti ba sa karo. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS guda uku cikin jerin magungunan da ta ce ya kamata ƙasashe su tanada, amma gwamnati ba ta sayen magani don cutar da ba ta da rajistar masu ita. Likitan da ya zauna ya haɗa irin wannan rajista a Legas ya yi aikin da komai zai dogara a kansa, alhali a ma'aunin Hirsch da ƙyar ya ƙara masa lamba ɗaya.

Masu kare ƙididdiga suna da hujjoji biyu da ba na raina su. Ta farko, ba kowane bincike ne ake ganin amfaninsa nan take ba. Binciken da masanan Harvard suka wallafa a 2022, wanda ya bi bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10 na tsawon shekara 20, ya nuna cewa kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr na ninka haɗarin MS sau 32. Bai warkar da kowa ba tukuna, amma ya buɗe ƙofar tunanin rigakafi, kuma wauta ce a ce ba shi da tasiri don bai iso unguwar Mushin ta Legas ba. Ta biyu ta fi cizo, domin a ƙasar da son kai da ubangida suka yi katutu, lamba tana kare malamin da ba shi da kowa. Idan aka ce kwamiti ne zai auna amfanin aiki ga al'umma da ra'ayinsa, an san yaran wa za su riƙa cin jarrabawar. Saboda haka ba na kiran a jefar da lamba. Yarjejeniyar San Francisco ta 2012 a kan auna bincike ma abin da ta nema shi ne a daina ɗaukar sunan mujalla a matsayin hukunci a kan ingancin aikin mutum, a karanta aikin kansa. Amfani ga al'umma kuma yana da shaidun da za a iya dubawa ba tare da son rai ba: gwajin da aka daidaita da Hausa aka tabbatar da ingancinsa, yawan ma'aikatan jinya da aka horar, rajistar da wasu likitocin ke amfani da ita, ƙa'idar magani da ma'aikatar lafiya ta karɓa. A tuna kuma cewa gasar lambar ba a fili ɗaya ake yin ta ba, tunda kuɗin buga maƙala ɗaya ta yadda kowa zai karanta kyauta a wasu manyan mujallu ya haura dala 10,000.

Idan aka tambaye ni wane bincike ne ya fi cancantar kuɗinmu da yabonmu yanzu, zan nuna rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2024, wanda ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ya ce magance su na iya hanawa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa. A ciki akwai hawan jini da ciwon suga da raunin ji da raunin gani da ba a yi wa magani ba, da buguwar kai, da gurɓatar iska, da kaɗaici. Wanda ya san rayuwar 'yan uwanmu a Legas, daga ɗan acaɓan da ke tuƙi ba hular kwano zuwa mai shagon da ke wuni kusa da hayaƙin janareta, ya san wannan jerin da mu yake. A ɗaya ɓangaren akwai sabon maganin cutar Alzheimer mai suna lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023, wanda ya rage saurin taɓarɓarewa da kusan kashi 27 cikin 100 a gwajin wata 18, a kan dala 26,500 a shekara, ban da kuɗin hotunan da dole a riƙa ɗauka. An rubuta maƙaloli masu ɗimbin yawa a kansa. Mai binciken da ya gano hanyar da za a sa dattawan kasuwar Mile 12 su riƙa shan maganin hawan jini kullum, ba sai ranar da kai ya yi ciwo ba, zai ceci ƙwaƙwalen da wancan magani ba zai taɓa kaiwa gare su ba.

Mu ma akwai namu nauyin. Ba a manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma ɗari-ɗarin da mutanenmu ke yi da mai zuwa da takarda da sirinji yana da tushe. Amma al'ummar da ta ƙi a ƙirga ta, a kan jikin wasu za a riƙa auna maganin da za a ba ta. Binciken da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas na cikin jagororinsa, ya gano wani sauyin gado mai ƙara haɗarin cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, wanda kusan sai a 'yan asalin Afirka ake samun sa, kuma ba a gan shi a da ba ne saboda ba a duba mu ba. Sarakunan Hausawan Legas da limamai da shugabannin kasuwanni suna da ikon buɗe wa masu bincike ƙofa, suna kuma da ikon gindaya sharuɗɗa tun kafin a ɗebi jinin kowa: a yi bayani da Hausa, a sa 'ya'yan unguwa cikin masu aikin, duk wanda aka samu da hawan jini ko suga a haɗa shi da inda zai karɓi magani, kuma idan an gama a dawo fada ko harabar masallaci a faɗi abin da aka gano. Jami'ar da za ta ɗaga malami zuwa farfesa a wannan fanni tana iya aika wa wannan fada takarda ta tambaya ko ya dawo.